Yadda zaka hada karatu, sabuwar sana'a da iyali bayan ka ajiye kwallo

Ranar da na dawo gida gaba daya, a Kwangila ta Zariya mota ta sauke ni wajen karfe tara na dare, jaka daya a kafada, takalman kwallo a leda, gwiwar hagu a daure da bandeji. Dan acaban da ya dauke ni zuwa Tudun Wada tun kafin in hau ya gane ni, yana ta Kaftin Kaftin, yana bani labarin wata kwallo da na cire a kan layi wadda ni kaina na manta da ita, da muka isa kofar gida kuma ya rantse ba zai karbi kudina ba. Shi a ganinsa girmamawa yayi, bai san ceto na yayi ba, don abinda ke aljihuna a daren nan ko cefanen kwana uku ba zai yi ba, kulob din da na baro suna rike da albashina na wata biyar, har yau din nan da nake rubutu ban gansu ba.

Shekara 11 nayi ina yawo a kungiyoyin arewa, wasu a firimiya wasu a kasa da ita. Yanzu ina koyar da motsa jiki a wata makarantar kudi, ina horar da yara da yamma, muna dan kiwon kaji ni da uwargida, kuma na samu NCE dina bayan gemu ya fara furfura. Kannena da ke shirin jingine takalmi suna yawan tambayata ta ina ake farawa, toh ga yadda nake ganin ya kamata a jera abin. Jerin shi ne maganar, domin wanda ya dauki karatu da sabuwar sana'a da gyaran gida duk a wata daya, kamar mai jifan tsuntsu uku ne da dutse daya, kuma na ga masu yin haka sun tashi a tutar babu.

Mataki na 1: Ku zauna da uwargida ku kirga, da biro da takarda

Kafin ka je ko'ina, kafin ka sayi fom din kowace makaranta, ka samu dare daya bayan yara sunyi barci ka fada mata gaskiya. Yawancinmu matanmu basu taba sanin nawa muke dauka ba, sun dai san idan an biya kudin sa hannu gida yana cika, idan an shiga tsakiyar kakar wasa kuma sai a hankali. Ni sai da nayi sati biyu ina boye-boye, ina fita da safe kamar mai zuwa wani wuri, ranar da na daure na fada mata cewa tayi, "Baban Khalifa, ai tun ranar da ka shigo da jakar nan na sani, jira nake ka fada da bakinka." Kunya ta kama ni wlh.

Ku rubuta abu uku. Abinda kuke da shi a hannu, kudi ne ko fili ko mota ko hatsi. Abinda gida ke ci duk wata, tun daga haya, cefane, kudin makarantar yara, na Islamiyya, wuta, gas ko gawayi, magani, da abinda kake ba Hajiya da kannenka. Sai bashin da ake binka. Ka raba na farko da na biyu, abinda ya fito shi ne yawan watannin da kake da su kafin tukunya ta daina hawa wuta. Idan wata hudu ne, toh duk shirin da zaka yi na wata hudu ne, kar ka yaudari kanka.

Kudin da kake bin kulob kar ka sa shi a lissafi ko sisi. Ka nemi hakkinka, eh, ka adana kwafin kwantiraginka da takardar banki mai nuna watan da aka daina biya, ka kai kara ta hannun kungiyar 'yan wasa ko kwamitin sasanci na hukumar kwallon kafa ta kasa, NFF, amma ka dauke shi kamar tsintuwa, in ya zo alhamdulillah.

Mataki na 2: Ka rage wa Kaftin tsawo

Wannan shi ne mafi wuya kuma ba wanda zai fada maka. Suna yana da tsada. Ka saba in ka sauka a majalisa kai ke biyan shayi da indomi na kowa, yaran unguwa suna jiran but da jesi, duk bikin da ya tashi sunanka na saman takardar gudummawa. Idan ka ci gaba da haka wata uku bayan albashi ya tsaya, jarinka ne kake rabawa da hannunka, kuma ranar da ya kare mutanen nan dai su ne zasu ce ai dama bai iya rike kudi ba.

Ka sayar da motar da ke shan mai kamar rakumi, tun cire tallafin mai a 2023 babbar mota ta zama kishiya. Ka koyi cewa "wallahi yanzu babu hali" ba tare da ka kara bayani ba. Dangi kuma kar ka yanke musu kai tsaye, ka je ka durkusa gaban Hajiya ka fada mata yadda ake ciki, ita zata tare maka sauran, maganarta daya ta fi taka goma.

Sannan caca. Na san masu cewa ai mu mun san kwallo ciki da waje, ba za a ci mu ba. An ci su. Ban da haramcin, ban taba ganin tsohon dan wasan da ta gina wa ko bandaki ba.

Mataki na 3: Ka gyara takardunka, musamman maganar shekaru

Anan zan dan dade don anan mutanenmu ke makalewa. Kowa a harkar nan ya san shekarun kwallo, fasfo yana cewa 27, takardar firamare tana cewa 33, NIN kuma ta dauki wata hanyar daban. A fili ba wanda ya damu, amma makaranta kwamfuta ce ke tantancewa, ita kuma bata san Kaftin ba. Tun 2021 JAMB bata rajista sai da NIN, kuma duk abinda ke kan NIN dinka, suna da ranar haihuwa, shi zata kwaso. Idan ya saba da na sakamakon WAEC ko NECO dinka, ranar tantancewa zaka sha zirga-zirga har ka raina kanka, wani ma sai ya zo karbar takardar bautar kasa abin zai fashe masa.

Abinda zaka yi, ka baje duk takardun a tabarma: ta haihuwa, ta firamare, sakamakon sakandare, NIN, BVN, fasfo, katin zabe. Ka duba harafi da harafi, don Muhammad da Mohammed a wurinsu mutum biyu ne. Ka tsaya a kan shekarunka na gaskiya, wadanda yawanci su ne a takardun makaranta, sai ka bi sauran ka daidaita su. Gyaran ranar haihuwa a NIN yana bukatar takardar shaida daga hukumar kidaya da biyan kudi, kuma ba abin kwana biyu bane, shi yasa nace ka fara tun kafin a bude sayar da fom. Kar ka ba wani dan kafe kudi yace zai maka ta bayan gida.

Sai sakamakon kansa. Kana bukatar kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a zama daya ko biyu. Idan babu, kar ka ji kunya, akwai WAEC ta masu zaman kansu wadda muke kira GCE, akwai NECO ta waje da ake yi karshen shekara, akwai NABTEB. Ni Lissafi ne ya rike ni, na shiga lesin din yamma a Sabon Gari tare da yaran da na girme su da shekara goma sha biyar, ranar farko malamin ya dauka na kawo kanena ne.

Mataki na 4: Ka samu abinda ke shigo da kudi kafin ka shiga aji

Ko kadan ne. Dalibin da ya bar gida ba cefane ba abinda zai shiga kansa a lakca.

Ka fara da abinda ke jikinka. Makarantun kudi sun cika Zariya, daga Samaru zuwa Hanwa zuwa Gyallesu, kuma da yawansu suna neman mai koyar da wasanni ko wanda zai shirya musu gasar gidaje ta shekara. Albashin ba yawa amma yana zuwa karshen wata, abinda da yawanmu bamu saba gani ba. Akwai horar da yara da yamma iyaye suna biyan dan wani abu, akwai manyan mutane masu ciwon suga da hawan jini da likita yace su motsa jiki, suna neman wanda zai rika fita da su da asuba. Wannan na karshen mutane suna raina shi amma ni shi ya rike ni shekarar farko.

Idan koci kake son zama da gaske, sunanka kadai ba zai kai ka ba, sai da takarda. Akwai cibiyar koyar da wasanni ta kasa, NIS, a Surulere ta Legas, sannan akwai lasisin koci na CAF, hukumar kwallon Afirka, da ake yi ta hannun NFF, ana farawa daga D, sai C, sai B, sai A. Ka rika lekawa ofishin hukumar kwallo ta jiha a Kaduna don ka ji lokacin da ake budewa. Daniel Amokachi dan Kaduna ne, gwiwa ce ta katse masa wasa da wuri, ya koma benci, yana cikin mataimakan Stephen Keshi lokacin da Najeriya ta ci kofin Afirka a 2013. Amma misalin da yafi min dadi namu ne na gida, Masai Ujiri, a nan Zariya ya tashi ya koyi kwallon kwando, ya buga a Turai, da ya daina sai ya fara aikin farauto 'yan wasa wa kungiyar Orlando Magic ta Amurka ba a biyansa ko kwabo, shi ke biyan kudin tafiyarsa. A 2013 aka zabe shi gwarzon shugaban kulob a NBA, babbar gasar kwallon kwando ta Amurka, a 2019 kuma Toronto Raptors ta ci kofin yana shugabanta. Ba cewa nake kaje kayi aikin kyauta da 'ya'ya hudu a gida ba, abinda nake so ka gani shi ne mutumin ya yarda ya koma kasan layi.

Kasuwanci kuma, dan Allah kar ka zuba duk jarinka a sana'ar da baka sani ba don kawai wani aboki yace akwai riba. Na ga wanda ya sayi keke napep uku ya ba yara, cikin shekara daya biyu suna gareji daya ta bata. Ka fara zama a shagon wani wata uku ko hudu kana kallo. Mu a nan Allah ya hore mana abinda wasu garuruwan basu da shi, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika inda aka samar da kajin Shika Brown, ga cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru mai ingantaccen irin masara da dawa, kana iya zuwa ka tambayi masana kai tsaye. Sayen masara da kaka a ajiye ma sana'a ce, amma farashi yana iya fadowa ya bar ka da buhuna, don haka kar ka sa kudin makarantar yara a ciki. Mu da kaji hamsin muka fara a bayan gida, ashirin da daya suka mutu a zubin farko saboda na dauka na fi karfin tambaya. Rabin jari ka fara da shi, rabi ka boye inda hannunka ba zai kai da sauri ba.

Mataki na 5: Ka zabi makarantar da ta dace da gidanka, ba da burinka kadai ba

Dan Zariya bashi da uzurin nisa. Ga ABU tun 1962, Samaru da Kongo, tana da sashen koyar da motsa jiki da lafiya a tsangayar ilimi, wanda kusan don irinmu aka yi shi. Tana da cibiyar karatu daga nesa inda ake yin irinsu harkar kasuwanci, mulki da tattalin arziki ta intanet. Ga FCE da yanzu aka daga ta zama jami'ar ilimi ta tarayya, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli in difloma kake so, ga makarantar fata ta Samaru ga mai son sana'ar hannu, ga kuma budaddiyar jami'a NOUN wadda bata neman makin JAMB. Akwai jarabawar share fage ta IJMB, wadda ABU ce ke gudanar da ita, tana kai mutum aji biyu kai tsaye.

Yadda zaka zaba, ka koma takardar nan ta mataki na 1. Idan kai kadai ne ke ciyar da gida, karatun cikakken lokaci na shekara hudu zai wahalar da kai, lakcar karfe takwas ta safe da ta hudu na yamma zasu cinye ranar, ga yajin aiki da kan iya tsawaita abin, na 2022 wata takwas yayi. Gara na karshen mako ko na nesa. Idan uwargida tana da albashi ko kana da gidan haya da ke kawo wani abu, toh shiga na cikakken lokaci. Difloma ta ND shekara biyu ce, NCE uku, kuma duk biyun zaka iya dorawa ka shiga digiri daga baya, ni shawarata ga mai iyali ya dauki gajeren tukuna ya rike takarda a hannu.

Abu biyu da ya kamata ka sani tun yanzu: wanda ya kammala yana sama da shekara 30 ba ya zuwa bautar kasa, takardar yafewa ake bashi, masu karatun wucin gadi ma wasika ake basu a madadinta, kuma duk suna aiki wurin neman aiki. Sannan akwai bashin dalibai na NELFUND da aka fara a 2024 ga makarantun gwamnati, ba ruwa a ciki, ka duba ko tsarin karatun da ka zaba yana ciki kafin ka dora lissafinka a kai.

A aji kuma ka ajiye girman kai a bakin kofa. Ka samu yaro mai kokari ka rike shi, shi zai rika tura maka sanarwa in an sauya lokacin tes. Adokiye Amiesimaka yana cikin wadanda suka ci kofin Afirka a 1980, lauya ne, har ya rike kwamishinan shari'a na jihar Ribas, kenan kafa da kwakwalwa basu taba fada da juna ba.

Mataki na 6: Ka tsara mako kamar yadda koci ke tsara atisaye

Abu daya da kwallo ta bamu wanda sauran dalibai basu da shi shi ne jure tsari. Ka saba tashi da asuba, toh kar ka bari ya tafi. Bayan sallar asuba zuwa karfe bakwai karatu ne, lokacin kai yana sabo, gida shiru, ba mai bugo waya. Ni na gwada karatun dare, littafin ne yake karanta ni. Safe zuwa azahar aiki, yamma fili, bayan magariba kuma na gida ne, waya a kife.

Ka manna jadawalin jarabawarka a bango inda uwargida zata gani, ita ma ta fada maka nata, awon ciki ne, bikin 'yan uwanta ne, ranar zuwa makarantar yara ne. Rigimar da muka fi yi a shekarar farko duk daga "ai baka fada min ba" take tasowa. Kudin rajistarka da na yara kusan lokaci daya suke fadowa, ku shiga adashi ku nemi kwasarku ta zo daidai watan. In kuma dole sai daya ya jira, naka ne zai jira, ka je ka nemi dage zango a hukumance da takarda, kar ka bace kawai.

Sai wani abu da ban zata ba. Shekara 11 ina bako a gidana, in zo kwana uku da tsaraba in koma kam. Ita ta saba yanke komai, yara sun saba da dokarta, kwatsam sai ga ni zaune kullum ina gyara wannan ina hana wancan da muryar fili. Wata rana na daka wa Khalifa tsawa a kan takalmi, yaron ya ruga bayan uwarsa yana kallona kamar bai sanni ba. Da dare tace min, "Ka bi a hankali, gidan nan yana da yadda yake tafiya kafin ka dawo." Naji haushi amma gaskiya ta fada. Ka dauki aiki daya ko biyu su zama naka, kai yara makaranta, biya musu karatun allo, zuwa kasuwa ranar Asabar, sauran ka bar mata yadda ka same su har ku saba. Idan ita ma ta ajiye karatunta ko sana'arta saboda yawonka, ku sa nata a layi, ka gama ta shiga, ko ma ta riga ka.

Mataki na 7: Jiki da zuciya

Ka rage cin abinci irin na kam, tunda yanzu ba gudun awa biyu kake ba, in ba haka ba cikin wata shida tumbi zai fito kuma gwiwar ce zata biya. Tsohon ciwo ka kai shi asibitin koyarwa na Shika a duba, in na kashi ne mai tsanani akwai asibitin Dala a Kano. Kwayoyin kashe zafin da aka saba bamu kafin wasa, musamman tramadol, ka rabu da su ta hannun likita. Ka yi wa iyali rajistar inshorar lafiya ta jiha, rashin lafiya daya tana iya cinye kudin zango biyu.

Ranar Lahadi karfe hudu na yamma kuma, lokacin da ake take wasa, jikinka zai rika neman kwallo. Ni sai in ji kirjina yayi nauyi, in kasa zama in kasa fita, kowa ya min magana in hau shi da fada. Na dade ban fada wa kowa ba, sai da wani babban yayanmu a harkar ya ganni a wajen daurin aure yace, "Kai ma ta fara kama ka ko? Zo filin tsofaffi ranar Lahadi." In naka ya wuce haka, barci ya kaurace, ka daina son ganin mutane, ka je ka ga likita, ba hauka bane.

Yanzu duk Lahadi ina can, minti ashirin nake iyawa kafin gwiwa ta fara magana, sai in fito in zauna a kan benci in karbi ruwan leda. Khalifa ke rike min jaka, kuma shi ke fada min a hanyar gida duk kwallon da na bata.